Hayar Kayan Jinya da Rakiyar Nas a Zariya: Yadda Suka Kai Ni Baftismar Jikana Bayan Tiyatar Ƙugu

A cikin Sabon Garin Zariya akwai wani shago da ke ba da hayar kayan jinya ga marasa lafiyar da aka sallamo daga asibiti, kuma yana da wata hidima ta biyu da ba kowa ya san da ita ba, wato tura mota da ma'aikaciyar jinya su raka majinyaci zuwa wani taro da ba ya so ya wuce shi, su kuma mayar da shi gida. Na yi amfani da hidimomin biyu a daminar bana, lokacin da nake jinyar tiyatar ƙugu, kuma babban abin da ya haɗa ni da su shi ne baftismar jikana a Wusasa. Ina rubuta wannan bayani ne saboda iyalan da ke ɗauko dattawansu daga Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, su iso gida su tarar cewa gidan da mutum ya yi shekaru yana zaune a ciki ya zama wurin da ba zai iya ko shiga bayi shi kaɗai ba.

Santsi ne ya kwashe ni a tsakar gida bayan ruwan sama, na karye a wuyan ƙashin cinya, daidai inda yake shiga cikin ƙugu. Likita ya yi wa 'ya'yana bayani cewa karaya a wannan wuri, musamman ga mai shekaru, sau da yawa tana yanke jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini, shi ya sa ɗori ba ya kama ta yadda yake kama karayar hannu ko ta ƙwauri, kuma shi ya sa aka cire kan ƙashin aka sa na ƙarfe a madadinsa. Da za a sallame ni, an kafa mini dokoki na makonni shida zuwa goma sha biyu: kada in zauna a kan abin da zai sa gwiwata ta fi ƙuguna tudu, kada in harɗe ƙafafu, kada in sunkuya ɗaukar abu a ƙasa, kada in murɗa jiki alhali ƙafar tana kafe. Wanda ya karya ɗaya daga cikin waɗannan yana iya sa sabon ƙashin ya goce daga mazauninsa, a koma asibiti. An kuma ba ni maganin hana daskarewar jini na kimanin wata guda, aka gargaɗe ni da cewa dogon zama wuri ɗaya yana iya haifar da gudan jini a jijiyar ƙafa, wanda idan ya tafi huhu yakan yi kisa.

Duk wanda ya san gidajenmu ya san cewa waɗannan dokoki sun saɓa wa kusan duk yadda muke zama. Masai na tsuguno ne, kujerar tsakar gida 'yar ƙarama ce, hira a kan tabarma ake yi, kuma kowace ƙofa tana da dokinta. A nan ne hayar kayan ta yi mini amfani na farko. Ɗana ya karɓo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, da kujerar bayan gida mai hannuwa wadda ake ɗagawa ko a sauke gwargwadon tsawon mutum, da keken marasa lafiya. Ƙarfen dogarawar ba shi da aibi ko kaɗan, robobin ƙafafunsa sababbi ne, ba sa zamewa a kan siminti. Kujerar bayan gida ta zo a wanke tsaf, an naɗe ta cikin leda, kuma yaron da ya kawo ta bai tafi ba sai da ya daidaita tsawonta da gwiwata. Wannan tsafta ba ƙaramin abu ba ce a kayan da wasu marasa lafiya suka yi amfani da su kafin kai, kuma ita ce ta fara sa na amince da shagon. Keken ne ya zo da matsala: birkinsa na hagu ba ya kamawa sosai, matakin ƙafa ɗaya kuma yana lilo. Ga mai jinyar ƙugu, keken da ke motsi a lokacin da yake ƙoƙarin zama ko tashi haɗari ne na gaske, domin faɗuwa ta biyu ita ce abin da likitoci suka fi tsoro. Mun kira su, sun canza shi washegari ba tare da musu ba, amma ra'ayina shi ne bai kamata keke mai irin wannan lahani ya fita daga shagon ba tun farko.

Ana cikin haka ranar baftisma ta matso. Yaron shi ne ɗan fari ga autana, kuma an sa masa sunan marigayi mijina, shi ya sa kowa a gidan yake kiransa Maigida. Dangin mijina 'yan Wusasa ne tun zamanin da mishan ɗin CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan, ya bar cikin birnin Zariya ya koma can a 1929, kuma a can aka yi wa shi marigayin baftisma, aka yi wa 'ya'yanmu duka. Surukata ta ce a ɗage ranar har in warke, babbar 'yata kuma ta ce za ta riƙe mini waya in kalla ta WhatsApp daga kan gado. Na gode musu, amma ban yarda a ɗage ba, domin iyayen baftisma, wato waɗanda za su yi alkawari a madadin yaron, sun riga sun shirya tahowa daga Kaduna da Jos, kallon waya kuma ba zai ba ni damar amsa amin tare da ikilisiya a kan yaron da ke ɗauke da sunan mijina ba. Na kai maganar gaban likitana a ranar da na koma a duba ni, bayan an riga an cire zare kuma ciwon ya bushe. Ya amince bisa sharuɗa: mota mai tudun kujera, kujera mai hannuwa a coci, tashi a taka kaɗan lokaci-lokaci, da komawa gida da zarar jiki ya nuna gajiya. Da wannan izini ne ɗana ya koma shagon ya nemi hidimar rakiya. Ya gaya mini cewa tambayar farko da suka yi masa ita ce ko likita ya yarda, suka kuma ce ba sa ɗaukar majinyacin da likitansa bai ba shi izinin fita ba. Na yaba da wannan ƙa'ida ƙwarai.

Abin da ya fi kowane abu daraja a hidimar ya faru ne kafin ranar. Nas ɗin da suka turo, mace ce mai matsakaicin shekaru, Musulma daga Tudun Wada, ta zo gidanmu a Samaru a tsakiyar mako, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta nemi takardar sallama da magungunan da nake sha, ta karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ta auna mini jini, ta duba wurin ɗinki, ta taɓa sharaɓata biyu tana neman kumburi ko zafi, ta kuma sa na tashi na taka daga ɗaki zuwa ƙofar gida tana kallon yadda nake aza ƙafa. Bayan haka ta fito da tef irin na teloli daga jakarta, ta auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwata ina zaune, ta rubuta a ɗan littafinta. Na tambaye ta amfanin wannan awo, sai ta ce, “Mama, duk inda za ki zauna ranar Lahadi, dole ya fi wannan tudu. Zan je in auna bencin cocin da kaina.” Kuma ta je. Ta sa ɗana ya kai ta Wusasa, suka sami ɗaya daga cikin dattawan coci ya buɗe musu, ta auna benci ta ga ya yi ƙasa, ta ƙirga matakalar ƙofa, ta duba ƙofar gefe wadda ta fi kusa da inda mota za ta iya tsayawa, ta tambayi inda mazubin ruwan baftisma yake da kuma tsawon lokacin da sujada takan ɗauka idan akwai baftisma da Jibin Ubangiji, wato karɓar gurasa da ruwan inabi don tunawa da Almasihu, a rana ɗaya. Har bayin cocin ta leƙa, ta yanke shawarar cewa a sa kujerar bayan gidana a mota.

Ta dawo ta zauna da ni ta tsara mini ranar daki-daki. Ta ce in sha maganin ciwo kafin mu tashi, ba sai zafi ya taso ba. Ta ce kada in rage shan ruwa don gudun fitsari, kamar yadda dattawa da yawa suke yi idan za su fita, domin ƙarancin ruwa yana kawo jiri kuma yana ƙara haɗarin daskarewar jini. Ta duba kayan da na ware, ta ce zanen ya yi tsawo, a ɗaura shi sama da idon sawu don kada ya harɗe da ƙarfen dogarawa, takalmin kuma ta ajiye shi gefe ta zaɓi wani mai rufin dunduniya wanda ba shi da tsini. Sannan ta koya mini hawa matakala: lafiyayyiyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. Masu gashin ƙashi sun koya mini wannan a asibiti, amma ita ta sa na maimaita a kan dokin ƙofarmu har ya zauna mini. Ban san wani dangi ko maƙwabci, komai ƙaunarsa gare ni, da zai yi tunanin auna benci da tef ba, kuma a ganina wannan ziyara ita ce ainihin abin da aka biya kuɗi dominsa.

Safiyar Lahadin ce ta nuna raunin shagon. Nas ta iso a kan lokaci, amma motar ta makara ƙwarai, kuma lambar shagon ba ta shiga, domin ba sa buɗewa ranar Lahadi kuma ba su ba mu lambar direban ba. Sai da nas ta kira wani abokin aikinta kafin aka same shi, ashe ya tsaya neman mai ne. Mai jinya da ya riga ya yi wanka, ya sha magani, ya zauna a bakin gado yana jira, kowane jinkiri yana cin ƙarfin da ya tanada domin taron. Kamfanin da ya san cewa yawancin baftisma ranar Lahadi ake yi, ɗaurin aure kuma yakan faɗo a ƙarshen mako, ya kamata ya ajiye layin da ake ɗagawa a waɗannan ranaku, kuma ya sa a zuba mai tun daren Asabar.

Motar kanta, Toyota Sienna ce, ta dace da buƙata. Kujerarta ta gaba tana da tudu, ƙofa kuma tana buɗewa sosai, saɓanin ƙananan motocin haya ko Keke Napep, waɗanda mai sabon ƙugu ba shi da abin yi da su. Direban ya matsar da kujerar baya iyakar inda take zuwa, ya ɗan kwantar da majingina, nas kuma ta shimfiɗa wata babbar leda a kan mazaunin. Na juya baya ga motar, na zauna a hankali ƙafar mai ciwo tana miƙe, sannan ta tallafi ƙafafuna biyu tare ta juya ni ciki, ledar ta sa na zame ba tare da na murɗa ƙugu ba. Da na daidaita sai ta zare ledar, ta ɗaura mini bel. Direban ya ba da haƙuri a kan makara, kuma tuƙinsa ya wanke shi a wurina. Daga Samaru zuwa Kwangila, daga nan ya bi babban titi zuwa Ɗan Magaji, duk inda ya hango rami ko tudun rage gudu sai ya ce, “Mama, a riƙe,” ya tsallake shi kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai. Da muka bar kwalta muka shiga layin da ruwa ya yi wa zaizaya, ga dutsen Kufena ya yi kore shar a gefe, sai ya fita ya duba taɓon da ƙafarsa kafin ya shigar da mota, ya kai ni har bakin ƙofar gefe.

Mun shiga ana waƙar farko. An riga an ajiye mini kujera mai hannuwa da matashi mai tauri a ƙarshen layi, kusa da mazubin baftisma, inda nas ta zaɓa, ta yadda zan miƙe ƙafa ba tare da wani ya yi tuntuɓe da ita ba. Ita kuma ta zauna a bayana kusa da ƙofa cikin hijabinta, kuma babu wanda ya ɗaga ido, domin Wusasa gari ne da za ka sami Kirista da Musulmi a zuri'a ɗaya, kuma a ranar ma akwai ƙannen surukata Musulmi da suka zo taya murna. Sujadar Angilikan tana da yawan tashi da zama da durƙuso, kuma tun a gida ta ce mini in zauna abina a duk lokacin da jama'a suka durƙusa, in tashi sau biyu ko uku kawai a inda ya fi muhimmanci a gare ni. A lokacin wa'azi ta matso ta raɗa mini cewa in riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, bayan wa'azi kuma ta fitar da ni baranda na taka kaɗan muka dawo. Ta yi duk wannan cikin natsuwa, ba ta ja hankalin kowa ba.

Da aka kira iyaye da iyayen baftisma, maza biyu da mace ɗaya kamar yadda aka saba yi wa ɗa namiji, sai ta kafa mini ƙarfen dogarawa a gabana, ta tsaya a gefen ƙafar mai ciwo, na miƙe. A tsaye na ji an yi musu tambayoyi sun yi alkawari a madadin yaron, a tsaye na ga limamin ya karɓe shi a hannunsa na hagu, ya tambayi sunansa, aka faɗi sunan mijina da ƙarfi a cikin majami'ar da aka taɓa faɗinsa a kan shi marigayin. Ya zuba masa ruwa a ka cikin sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki, ya zana masa alamar gicciye a goshi, Maigida ya tsala kuka, matan zumunta suka ɗauki waƙa da tulu da kacau-kacau. Hawaye ya zubo mini, hannuwana biyu kuma suna kan ƙarfe, sai na ji nas ta sa hankici ta share mini fuska ba tare da ta ce komai ba. Da na zauna, ta ɗora matashi a cinyata kafin aka miƙo mini yaron, don kada in sunkuya karɓarsa. A lokacin Jibin Ubangiji kuma limamin ya sauko daga bagadi ya kawo mini har kujerata, abin da ita ce ta tuna wa ɗana ya roƙa tun ranar da suka je awo.

A wurin liyafa ne ta nuna wani hali da nake ganin shi ne ma'aunin ma'aikacin jinya na ƙwarai. An kafa rumfa a gidan dangi, an kawo waina da miyan taushe da zoɓo, 'yan'uwan da muka daɗe ba mu haɗu ba suna ta zuwa gaisuwa, ni kuma raina yana so in kai yamma. Ta bar ni na ci abinci, aka ɗauki hotuna, sannan ta durƙusa a gefena ta duba idon sawuna, ta ce a hankali, “Mama, ƙafar ta fara kumbura, kuma fuskarki ta nuna gajiya. Ya kamata mu tafi yanzu, tun kina da ƙarfin shiga mota.” Yayar mijina, wadda duk gidan ke kira Goggo, ta ce a bar ni in ƙara ko da awa ɗaya. Nas ta amsa mata cikin ladabi cewa, “Goggo, ki yi haƙuri, amana aka ba ni. Idan ta warke za ta zo ta kwana muku.” Babu ɗa ko 'ya a gidan da zai iya mayar wa Goggo magana, kuma da a hannun 'ya'yana nake, da na kai magariba a ƙarƙashin rumfar. Da muka isa gida ta kwantar da ni, ta sa matashi tsakanin ƙafafuna, ta sake auna jini, ta kuma gaya wa 'yata alamun da idan ta gani kada ta jira safiya: kumburin sharaɓa ɗaya da zafi, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, zazzaɓi, ko ruwa daga wurin ɗinki. Washegari da safe ta bugo waya da kanta ta tambayi yadda na kwana. Na kwana da gajiya da ɗan tsamin jiki, amma ba wata matsala.

Game da kuɗi, ana biyan hayar kaya ne a mako ko a wata, tare da kuɗin ajiya da ake mayarwa idan kaya sun dawo lafiya, kuma ga wanda buƙatarsa ta watanni biyu ko uku ce, haya ta fi saye sauƙi nesa ba kusa ba, musamman keke da kujerar bayan gida waɗanda ba za a sake amfani da su ba. Rakiyar tana da tsada, kuma sun ce kuɗin mota yana bin farashin mai, wanda kowa ya san yadda ya tashi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ban ga laifinsu a nan ba. Inda na ga laifi shi ne a rasit ɗin ƙarshe, da aka ƙara mana kuɗin awoyin da suka wuce yarjejeniya, alhali ba a gaya wa ɗana tun farko cewa akwai iyakar awoyi ba, kuma an fara ƙirga lokacin ne daga sa'ar da aka yi alkawarin zuwan mota, ba daga sa'ar da ta iso ba. Ɗana ya je ya yi magana da mai shagon, ya saurare shi, ya cire kuɗin makarar, amma sauran ya ce ƙa'idarsu ce. Ƙa'idar da ba a rubuce take ba kuma ba a faɗa wa abokin ciniki ba, bai dace a caje shi a kanta ba, balle iyalin da kuɗin tiyata ya riga ya tatse.

Saboda haka, wanda zai nemi wannan hidima ya sa a rubuta masa awoyi nawa kuɗin ya ƙunsa da abin da za a ƙara idan an wuce, ya karɓi lambar direba da ta nas tun kafin ranar, ya kuma gwada birkin keke a gaban wanda ya kawo shi. Ya tabbata ziyarar share fage tana cikin yarjejeniyar, domin na ji cewa wasu iyalai sukan ce a cire ta don rage kuɗi, ni kuwa da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin duk abin da suka yi mini, ita zan zaɓa. Hidimar ta dace da wanda ya riga ya fara takawa da ƙarfen dogarawa kuma likita ya ba shi izini. Wanda har yanzu ba ya iya tashi daga gado, ko mai buƙatar iskar oksijin, motarsu ba ta asibiti ba ce, kuma su da kansu sun gaya wa ɗana cewa ba sa ɗaukar irinsa.

Keken na mayar da shi bayan baftisma, domin masu gashin ƙashi sun ce yawan zama a cikinsa yana jinkirta dawowar ƙarfin ƙafa, kuma an mayar mana da kuɗin ajiyarsa cif a ranar. Ƙarfen dogarawa da kujerar bayan gida suna nan a wurina har zuwa lokacin da likita zai ce in koma sanda, kuma na riga na sa ɗana ya tambaya ko nas ɗin nan za ta samu damar raka ni asibiti ranar da za a sake ɗaukar hoton ƙugun.